Inda Ɗaki Ke Yoyo da Inda Ruwan Ya Shiga

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban ƙi ba, amma duk wanda ya taɓa yin damina a ƙarƙashin rufin soro ya san iyakar wannan sanin. Abin da mai ɗaki ya sani shi ne inda zai tara kwano da inda zai janye katifa. Inda ruwan ya shiga kuwa, wannan sai an bincika. Ɗigo na sauka a kusurwar gabas, a kira magini ya hau ya yaɓe kusurwar gabas da makuba har ta yi santsi, hadari na gaba ya sauko, ɗigon ya dawo wurinsa kamar ba a kashe ko kwabo ba. Ashe tsagar tana can yamma, kusa da bakin indararo. Ta nan ruwan ya kutsa, ya ratsa ƙasar rufin, ya tarar da azara ya bi bayanta, ya tsallaka wata azarar, sai da ya je inda gara ta taɓa ci sannan ya sako kai ƙasa.

Akwai yankunan duniya da Allah ya yi wa ƙasarsu irin wannan hali, sai dai maimakon taku goma tsakanin mashiga da maɗiga, a can kilomita goma ne ko ashirin. Masana suna kiran irin wannan ƙasa karst, sunan wani tudu da ke tsakanin Silobeniya da Italiya, a bayan birnin Trieste. Gindinta dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake fasawa a Kalambaina da Ashaka da Malbaza a ƙona a yi siminti. A hannu dutse ne mai tauri, amma ruwan sama ya san lagonsa. Ruwan kan kwaso iskar kabon daga sama da kuma cikin ƙasa inda saiwoyi da ganye ke ruɓewa, ya ɗan yi tsami, tsamin da harshe ba zai ji ba. Da ya sami 'yar tsaga sai ya shiga yana lasar dutsen. Tsagar da ta fi 'yan'uwanta faɗi ta fi jan ruwa, wadda ta fi jan ruwa ta fi saurin buɗewa, a haka cikin dubban shekaru ta zama rami, ramin ya zama kogo, har a wayi gari kogi sukutum ya iso wani wuri ya nutse, ba a ƙara ganinsa sai a wata gunduma. Kimanin kashi 15 cikin ɗari na doron ƙasar da ƙanƙara ba ta rufe ba, irin wannan dutse ne a ƙarƙashinsa, kuma ɗaruruwan miliyoyin mutane ruwan cikinsa suke sha.

A ƙasa mai yashi ko tsakuwa, ruwan ƙarƙashi a hankali yake tsattsafawa, sau da yawa ba ya cin mita ɗaya a yini. Idan injiniya ya haƙa rijiyoyi uku ya auna zurfin ruwansu, zai iya nuna maka da yatsa inda ruwan ya dosa. A karst wannan lissafi ba ya ci. Rijiyar burtsatse ɗaya ta faɗa kan kogon da ruwa ke gudu a ciki, wata kuma da ke 'yan taku kaɗan daga gare ta ta ƙare a busasshen dutse. Tudun da ido ke gani a sama ma ba hujja ba ne, domin ruwa kan shige ta ƙarƙashinsa ya fita ɗaya ɓangaren.

To yaya magini mai dabara yake yi idan ɗigo ya gagare shi? Ba ya tsayawa yana kallon rufi daga ciki. Hawa yake yi da buta, ya bar yaro a ɗaki, ya zuba ruwa a wurin da yake zato, ya jira. Shiru. Ya matsa gaba ya sake zubawa, har yaron ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ga shi nan ya fara!" Masanan ruwan karst ba su ƙirƙiro abin da ya wuce wannan ba, sai dai nasu ruwan butar mai launi ne, domin a gane shi idan ya fito.

Gwajin da ya fi shahara an yi shi ne a kudancin Jamus. Kogin Danub, wanda ke ratsa ƙasashe goma kafin ya faɗa Bahar Aswad, yana da wani wuri kusa da garin Immendingen, tun bai yi nisa da mafarinsa ba, inda yake zurarewa cikin ramukan gindinsa. A 1874 aka fara rubuta cewa ya ƙafe ƙaf a wurin, a yanzu kuwa yakan yi watanni a shekara mutane na tafiya da ƙafa a tsakiyarsa. An daɗe ana zargin wani babban marmaro mai suna Aachtopf, kilomita 12 kudu da wurin. A 1877 wani farfesa daga Karlsruhe, Adolf Knop, ya zuba man dutse da tan-tan na gishiri da kilo 10 na wani koren rini a inda kogin ke nutsewa. Bayan kimanin sa'o'i 60 marmaron ya yi kore. Mita 200 ke nan a sa'a ɗaya, ta cikin dutse. Abin bai tsaya nan ba: ruwan Aachtopf tabkin Konstanz yake shiga, daga nan ya bi kogin Rhine zuwa Tekun Arewa. Wato ruwan da taswira ta ce gabashin Turai za shi, yana sulalewa ta ƙarƙashin tudu ya tafi wani teku dabam. Masu injinan da ke ƙasan Danub suna kukan an kwashe musu ruwa, na gefen Aach suna cin moriya, rigimar ta kai jihohin Württemberg da Baden gaban kotu har aka yi hukunci a 1927.

Wani lokaci ma ba masana ke zuba butar ba. A watan Agustan 1901 gobara ta tashi a masana'antar barasa ta Pernod da ke Pontarlier a gabashin Faransa, aka buɗe tankuna barasar ta malale cikin kogin Doubs. Bayan kwana biyu sai ga warinta da launinta a marmaron da kogin Loue ke fitowa, a bayan duwatsu. Da haka aka tabbatar wani ɓangare na ruwan Loue ɓataccen ruwan Doubs ne.

Har gobe wannan dabara ake bi. A zuba rinin da ba ya cutarwa a ramin da ake zato, a rataya 'yan buhunan gawayi a duk marmaron da ke kewaye, domin gawayi na kama rinin ko da ya wuce da tsakar dare, a kuma dasa na'ura mai gane launin da ya tsarma har ido ba ya ganinsa. Abin da ake samu shi ne layi a kan taswira daga nan zuwa can, da kuma tsawon lokacin tafiyar. Hanyar da ruwan ya bi a tsakani kuwa, rini ba ya faɗa.

Wannan duk maganar inda ruwa ke zuwa ce. Maganar ambaliya ta fi ta ɗaure kai, kuma wurin da ya fi dacewa a tsaya a kalle ta shi ne yammacin Ailan, a kewayen garin Gort da ke kudancin gundumar Galway.

Kusan rabin Jamhuriyar Ailan a kan dutsen farar ƙasa take zaune. A gabashin Gort akwai tsaunukan Slieve Aughty, waɗanda nasu dutsen ba ya narkewa, don haka ruwan da ya sauka a kansu gangarowa yake yi. Koguna uku ne ke kwaso shi. Da sun taka farar ƙasa sai su fara ɓuya. Ɗaya daga cikinsu yakan nutse ya fito, ya sake nutsewa ya sake fitowa, kusan kowace fitowa da sabon suna: nan Beagh, can Cannahowna, gaba kaɗan kogin Gort, daga baya kogin Coole. Daga Coole zuwa teku babu kogi ko ɗaya a sama. Duk ruwan wannan yanki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 500 ta ƙarƙashin ƙasa yake bi, ya ɓuɓɓugo a bakin teku a garin Kinvara. Rufi ne mai faɗi, indararonsa kuma a binne.

Kowa ya san yadda indararo yake. Yana da iyakar abin da zai iya zubarwa, ko da ba ganye ko sheƙar tsuntsu a bakinsa. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na rabin sa'a, ruwan ya taru a kan soro, ya jira layinsa, kafin la'asar ya tsiyaye. Ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne mamakon Agusta, wanda zai kwana uku yana zuba ba ƙarfi ba sassauci, na jiya bai gama fita ba na yau ya hau kansa, ƙasar rufin ta sha ta ƙoshi ta yi nauyi. Shi ke kayar da soro. Haka lamarin yake a Gort. Ruwan yini ɗaya, komai ƙarfinsa, ba shi ke cinye gidaje ba. Jimillar ruwan makonni da watanni ce.

Inda ruwan ke jiran layinsa a can shi ne wasu kwaruruka da mutanen Ailan ke kira turlok. Akwai fiye da 400 a ƙasar. Da bazararsu filin ciyawa ne kore shar, shanu na kiwo. Da hunturu ya shigo, wanda a can shi ne lokacin da ruwa ya fi yawa, sai kogwannin ƙarƙashi su cika, ruwa ya rasa hanya ya taso ta ramukan da ke gindin kwarin, filin ya zama tabki. A nan misalin soro ya ɗan gaza, domin wannan ruwan daga ƙasa yake ɓullowa, kuma ramin da ya amayo shi a Nuwamba shi ne zai haɗiye shi a Afrilu. A wasu turlok, kamar Blackrock, zurfin ruwan kan haura mita 10. Wani kuma mai suna Caherglassaun, duk da yana kilomitoci daga gaɓa, idan ruwansa ya yi ƙasa za ka ga yana hawa yana sauka sau biyu a yini tare da cikar teku da janyewarsa, saboda idan teku ya cika yakan danne bakin mafitar a Kinvara.

Cikar turlok ba masifa ba ce, al'adar ƙasar ce. Manoman wurin sun san ta tun kaka da kakanni. Akwai wata baƙar gansakuka da ke fitowa a jikin duwatsu da katangun gonaki daidai iyakar inda ruwa ya saba kaiwa, mutum na iya karanta ta da rani kamar layin da danshi ke bari a bango. Masifar tana zuwa ne a shekarar da ruwa ya wuce wannan layin. Ya wuce a hunturun 1994 zuwa 1995, ya wuce a Nuwambar 2009, sannan aka zo hunturun 2015 zuwa 2016. A farkon Disambar 2015 guguwar da aka sa wa suna Desmond ta sauka a kan ƙasar da ta riga ta jiƙe, wasu guguwoyin suka biyo bayanta, ruwan da Ailan ta samu a wannan hunturu ya kusan ninka wanda aka saba. Turlok ya cika ya tumbatsa ya malala cikin na kusa da shi, hanyoyi suka nutse, gidaje da gonaki suka koma tsibirai. A Ballycar da ke gundumar Clare, layin dogon da ya haɗa Limerick da Ennis ya zauna a rufe daga Disamba har zuwa Mayu.

A nan bambancin yake da ambaliyar kogi. Ta kogi takan zo da gudu ta yi ɓarnarta, bayan kwana biyu ko uku a fito a share laka. Ta karst kan taso ne a sannu, wani lokaci ma bayan sama ta washe, ta zauna makonni ko watanni. Buhunan yashi ba su tare ta, tunda ta ƙarƙashin daɓe take shigowa. Injin zuƙe ruwa ma sau da yawa wahalar banza ce: ka zuƙe ka watsa bayan katanga, ya nutse ya dawo maka.

Bayan hunturun 2015 zuwa 2016 ne aka fuskanci wani abin kunya. Manyan kogunan Ailan suna da ma'aunan da suka shekara da shekaru suna rubuta hawa da saukar ruwa, amma turlok kaɗan ne ƙwarai aka taɓa aunawa na dogon lokaci. Da mai gida zai tambayi hukuma ko ina ne iyakar inda ruwa zai iya kaiwa sau ɗaya a shekara ɗari, ba ta da amsa. Sai hukumar binciken ƙasa da duwatsu ta Ailan, tare da jami'ar Trinity ta Dublin da kwalejin fasaha ta Carlow, ta buɗe wani shiri mai suna GWFlood daga 2016 zuwa 2019.

Aikin farko ba shi da wani armashi. Da rani, lokacin da kwari ya bushe, a gangara wurin da ya fi zurfi a ɗaure wani ɗan ƙarfe da bai fi ƙaramar tocila ba. Aikinsa kawai ya ji nauyin ruwan da ke kansa ya rubuta, sa'a bayan sa'a. A ajiye wani a tudu yana auna nauyin iska, domin a cire shi daga lissafi. Wasu sai ruwa ya janye ake zuwa a ɗauko abin da suka rubuta, wasu kuma suna aikowa kai tsaye ta layin waya. An dasa irin waɗannan a wurare fiye da 60. Ni a ganina wannan ɗan ƙarfen ya fi katafila goma amfani, domin da shi ne ake sanin kwana nawa turlok ke ɗauka kafin ya amsa ruwan sama, da santimita nawa yake sauka a yini idan ya fara janyewa, wanda shi ne ainihin girman indararonsa.

Amma wurare 60 ina za su kai a cikin ɗaruruwa? Nan tauraron ɗan'adam ya shigo. Sentinel-1 na Tarayyar Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2014, ba hoto yake ɗauka irin na kyamara ba. Rada gare shi: yana aiko da sigina ƙasa ya saurari dawowarta. Gajimare ba ya tare ta, duhun dare ma haka, wannan kuwa babban abu ne a ƙasar da rana ke wuyar gani da hunturu. Ƙasa da ciyawa suna mayar da siginar, kwantaccen ruwa kuwa yana karkatar da ita gefe, sai ya fito baƙi a hoton. Idan aka ɗora gefen wannan baƙin a kan taswirar tudu da kwari da aka auna daga jirgin sama da hasken lesa, sai a san tsayin ruwan a ranar, har da yawansa. Da yake tauraron ya riga ya fara aiki kafin ambaliyar 2015, sai aka koma tsofaffin hotunansa aka karanto tarihin turlok ɗin da ba wanda ya taɓa aunawa. Yana da nasa rauni: iska mai ƙarfi kan yamutsa fuskar ruwa ta rikita shi, itatuwa kuma suna ɓoye abin da ke ƙarƙashinsu. Shi ya sa ake gwada abin da ya faɗa da abin da ɗan ƙarfen nan ya rubuta. Daga haɗin biyun, da tsohon lissafin ruwan sama, aka fitar da taswirorin ambaliyar ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ailan.

Magini in abu ya ƙi, yana iya kwashe ƙasar rufin gaba ɗaya ya ga azara da idonsa. Masanin karst ba shi da wannan gatan. Masu ninƙaya a kogwanni ne kaɗai ke leƙa cikin, kuma da ransu suke biya. Artur Kozłowski, ɗan ƙasar Polan da ya bi kilomitoci na waɗannan hanyoyin ruwa a ƙarƙashin yankin Gort, a cikin ɗayansu ya rasu a Kiltartan a watan Satumbar 2011. Sauran sai kintace mai hujja. Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da Laurence Gill da abokan aikinsa na Trinity suka yi: sun ɗauko manhajar kwamfuta da injiniyoyi ke tsara magudanun ruwan birni da ita, suka zana kogwannin a matsayin bututu, turlok biyar a matsayin tankuna, suka yi ta gyara faɗin bututun har hawa da saukar ruwan cikin kwamfuta ya dace da wanda aka auna a fili. Ba wanda ya ce haka cikin dutsen yake. Amma da wannan ana iya tambaya: idan aka haƙa magudana daga wannan turlok zuwa wancan, me zai faru da na ƙasa?

Tambayar kuwa ita ce gaba ɗayan rigimar. Wanda ruwa ya kwanta wa a kan soro, abin da zai fara zuwa ransa shi ne ya fasa sabon indararo. To ina bakinsa zai fuskanta? Unguwanninmu sun sha ganin makwabta sun daina gaisawa, har an je gaban mai unguwa, a kan indararon da ke zuba a tsakar gidan wani. A kudancin Galway, maganin da aka daɗe ana tsarawa shi ne a buɗe wa ruwan da ya wuce kima hanya ta sama har teku. Amma duk mitar da aka rage wa na tudu, na gangare ne zai karɓe ta idan ba a lissafa daidai ba. Can ƙarshe kuma akwai masu kiwon kawa a gaɓar Kinvara, waɗanda ke tsoron ruwan daɗi mai yawa ya tsarma musu gishirin teku. Ga shi kuma dokar Tarayyar Turai ta sa turlok cikin muhallan da ake ba wa kariya ta musamman, saboda tsirrai da tsuntsayen da rayuwarsu ta dogara da wannan cika da janyewa. Ba a yarda a busar da shi ba, kan ambaliyar kaɗai aka yarda a sare. Wanda bai auna shekara da shekaru ba, ta ina zai san inda cikar al'ada ta ƙare, kan ambaliya ya fara?

Tabkin Funshinagh da ke gundumar Roscommon ya nuna yadda abin ke kasancewa. Shi ba kowace shekara yake ƙafewa ba, amma yakan yi, kamar yadda ya zurare ƙaf a 1996. Daga 2016 sai ya cika ya ƙi komawa inda ya saba, kowane hunturu ya ɗora a kan ragowar na bara, ya ci gonaki da hanyoyi, wasu iyalai suka bar gidajensu. A 2021 majalisar gundumar ta fara shimfiɗa bututun da zai kai rarar ruwan tabkin Ree. Wata ƙungiyar kare muhalli, Friends of the Irish Environment, ta kai ƙara babbar kotu cewa ba a yi binciken da doka ta wajabta ba, aka tsayar da aikin. Ruwa ya ci gaba da hawa har ya kafa sabon tarihi a 2024. Sai a 2025 aka ba da izinin wucin gadi, aka kafa injina suna zuƙar ruwan suna zubawa a wani ƙaramin kogi mai suna Cross. Shi kuma Cross yana faɗawa kogin Shannon ne dab da Athlone, garin da ambaliya ta shiga a 2009, ta sake shiga a 2015.